Geron Shukar da Muka Ci a Sadakar Kawu

Kawuna, wan mahaifiyata, ya rasu a Katanga cikin tsakiyar bazara, lokacin da zafi ke hana mutum zama wuri ɗaya. Ina rumfata ta albasa a Aliero aka kira ni a waya, kafin in iso har an yi masa wanka. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Na faɗe ta a kan babur, na faɗe ta a ƙofar gida, amma sai da na ga takalmansa na taya a bakin zaure babu ƙafa a ciki sannan maganar ta shiga jikina.

Zaman makoki ya cika ya batse. Mutane sun zo daga Jega, daga Maiyama, har da fuskokin da ban taɓa gani ba. Na lura duk wanda ya yi addu'a ya shafa, sai ya ɗaga kai ya dubi gabas ko akwai hadari. Ba rashin ladabi ba ne, lokacin ne ya zo da haka. Wani tsoho, abokin noman Kawu tun suna samari, ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "To, bana wa za mu tambaya ranar shibka?"

Na kusa da shi ya ce, "Kai da ba ka taɓa jin maganatai ba?"

Tsohon ya ce, "Ai sai na ji abin da yac ce nika sanin abin da za ni musawa."

Aka yi dariya, aka kuma yi maza aka haɗiye ta domin liman yana wurin. Shi tsohon bai yi dariyar ba. Ya ja gefen rawaninsa ya goge ido, ya ce zafi ne.

A cikin gida kuwa mahaifiyata ce ta ɗaura ɗamara. Inna nake ce mata. Ita da Kawu ciki ɗaya suka fito, kuma su biyu kaɗai suka rage. Tun da ta yi aure cikin garin Jega, a gidan 'yan kasuwa, rabonta da gona ya yi nisa, sai dai ziyara. Al'adarmu ita ce mutanen gidan da aka yi rashi ba sa taɓa turmi ko tukunya. Matar Kawu tana takaba a ɗaki, surukanta suna zaune tare da ita suna karɓar gaisuwa, dangi da maƙwabta su ne da aiki. Inna ba ta iya kukan zaune. In abu ya dame ta sai ta nemi aiki ta faɗa masa, don haka ita ta ja ragamar matan da suka yi girkin sadakar uku.

Ranar an yi gumba an yi fura, kuma ba wanda ya sha bai yaba ba. Fari tas, ga ƙamshi, ga garɗi. Ni kaina na sha na ƙara. Na ji wata tsohuwa tana ce wa Inna, "Wagga hura ta yi kama da mai ita." Inna ta ji daɗin maganar, na gani a fuskarta.

Washegari da hantsi babban ɗan Kawu ya ja hannuna. Taubashina ne, tun muna yara ba ma haɗuwa ba mu yi wa juna tsiya ba, amma ranar ko murmushi bai yi ba. Ya kai ni ɗakin Kawu ya nuna mini sama. Igiyoyi ne kawai ke lilo a jikin azara. A nan Kawu yake rataye dammunan geron da ya ware don shuka, bisa gadonsa, inda idonsa zai riƙa faɗa musu da zarar ya farka. Da za a yi masa wanka aka kwashe kayan ɗakin, samari suka sauke dammunan suka jingine a gindin rumbu. Inna ta fito neman geron sadaka ta gan su, tsabtatattu, kowace zangarniya cike fal, kowacce ɗaure da zaren kaba. Ta ce, "Wanga shi ad daidai da sadakar Yaya. Ba a yi mai sadaka da ragowa." Matan da suka sussuka baƙi ne, ba su san ɗaurin ba. Waɗanda suka san shi kuwa suna ɗaki suna amsa gaisuwa.

Taubashina ya ce, "Mun cinye iri, tobashi. Dut, ko zangarniya guda ba a rage ba."

Wanda bai san geron nan ba zai ce mene ne abin tashin hankali, ba ga gero nan cike da kasuwar Jega ba? To shi ya sa nake wannan rubutu, domin a san abin da ya tafi da kuma mutumin da ya yi shi.

Guntu muke ce masa, saboda zangarniyarsa gajera ce. Ba gado Kawu ya yi ba. A shekarun babban fari, yana saurayi, gonar mahaifinsu ta zango, wato geron nan mai doguwar zangarniya, ta ƙone tun kafin ta yi ido. Yana yawo cikin busasshen kara sai ya tarar da wasu 'yan gajeru da suka riga suka zuba tsaba kafin ruwa ya ɗauke. Gida ana yunwa, amma ya yanke su ya ɓoye. Tun daga nan, kowace damina in gero ya fara fitar da kai, sai ya shiga gona da kaba a aljihu yana ɗaure wa waɗanda suka riga 'yan'uwansu nuna, in kuma sun cika. Su kaɗai yake ratayewa. Haka ya yi ta zaɓe cikin zaɓe har ya tsufa, har ya samu geron da yake nuna tun sauran gonaki suna ɗanye, wanda kuma in ruwa ya yi fashi sai ya naɗe ganye ya jira, ba ya saurin mutuwa.

An yi masa dariya sosai. A da, darajar manomi ranar kaka ita ce a ga daminsa na zango yana jan ƙasa daga bayan jaki. Dammunan Kawu kuwa sai ka ce na wasan yara. In an tsokane shi sai ya ce, "Tsawo na ido na, tsaba ta ciki ta." Ba ya faɗa da murmushi. Kawu mutum ne mai saurin hawa, kuma in ya hau ba ya sauka da wuri.

Gonar irin ma daban ya ware ta, can wata jigawa nesa da gonakin mutane. Na taɓa tambayarsa dalilin wannan wahala, ga gona a bayan gida. Ya dube ni irin duban da yake yi wa mutanen gari, ya ce, "Ɗan birni, hatsi shina aure da maƙwabcinai. Iska ta ka ɗaura auren, kuma ba ta neman waliyyi." Wato in ka shuka guntu kusa da zango, shekara kaɗan sai ka ga jikokin sun fara tsawo, sun fara nawa, sun manta abin da aka san su da shi.

Amfanin guntu a gidan ba ɓoyayye ba ne. Akwai wata guda a tsakiyar damina da rumbu yake nuna gindinsa, sabo bai zo ba, tsoho ya ƙare, hatsi ya yi tsada a kasuwa. A wannan watan ne guntu yake isowa. Shi ne farkon shigowa, shi ne kuma farkon ƙarewa, shi ya sa ranar da Kawu ya rasu babu ko ƙwayarsa a rumbu, sai zango da dawa. Gida ne mai mutane da yawa, 'ya'ya da jikoki da surukai, kuma ban taɓa jin sun kwana da yunwa a wannan watan ba. In an gasa tumun farko, Kawu ba ya kai wa bakinsa sai an zagaya da shi gidajen masu jego da tsofaffin da ba su da mai noma musu. Ba ya son godiya. Wata tsohuwa ta taɓa biyo shi har zaure tana sa masa albarka, ya ce mata in ta gama ta tafi, tana tsare masa iska.

Yana yawan cewa, "Damana ta koma baƙuwa. Ba ta hwaɗin ranar zuwa, ba ta sallama in za ta tahi." Ya ga lokacin da zuwan shamuwa yake nufin a fito da sungumi, ya kuma ga lokacin da shamuwa za ta zo ta yi sheƙa ta gaji da zama ba a ɗiga ba. Ya ga shekarar da ruwan wata guda ya sauko cikin yini ɗaya ya kwashe gonakin kwari. Bai tsaya yana kukan zamani ba, sai ya raba ƙafa: guntu a jigawa, dawa a kwari, wake a tsakani, gawo kuma ba mai sare masa ko reshe. In an yi ruwan farko mutane suna murna, shi sai ya tafi gona ya durƙusa ya tona da hannu. In danshi bai kai masa gwiwar hannu ba, sai ya kakkaɓe ya dawo ya ce, "Wanga na wankin ganye na." Har irin da malaman gona suke kawowa yana karɓa ya gwada, can nesa da jigawarsa. Wani irin ya yaba masa, wani irin kuma ya ce sai da taki yake tashi, shi kuma ba kowace shekara takin ke samuwa ba.

Kada a ɗauka ba ya kuskure. Akwai shekarar da ya rantse ruwa yana kan hanya, ya sa aka yi binne, wato shuka a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka. Aka yi ɗan yayyafi, iri ya tsiro, rana ta biyo baya ta ƙone shi ƙurmus. Ya sake, ta sake. Abokinsa tsohon nan ya samu abin faɗa har kaka. Abin da ya ceci Kawu shi ne bai taɓa fitar da irinsa gaba ɗaya ba, kullum yana rage wani a rataye. Amma ya ce ya yi kuskure? Har ya koma ga Allah ban ji ba. Ya dai ce ruwan ne ya saɓa alkawari.

Babbar rigimarsa da taubashina ce, kuma ni ina cikinta tsundum, domin ni mutumin albasa ne, ban kuma tuba ba. Taubashina ya ga abin da 'yan Aliero suke samu, ya ce a mai da ƙarfin gidan kan albasa, a sayi injin ban ruwa, a rage wahalar gero, in ya so a riƙa sayen hatsi. Kawu ya ce, "Ba a tuwo da albasa." Taubashina ya ce ai ba a rufin kwano da kara. Magana ta yi zafi har Kawu ya ce ya ɗauki tasa gonar ya yi yadda ya ga dama. Damina guda cur ba su ci abinci a akushi ɗaya ba. Uba yana zaure, ɗa yana ƙarƙashin darbejiya, kowa yana jin tarin ɗan'uwansa.

Dukansu biyu sun yi gaskiya, abin da ya sa rigimar ta ƙi ƙarewa ke nan. Albasa ce ta rufe gidan da kwano, ita ta kai Kawu asibiti lokacin da idonsa ya fara hazo. Sai kuma aka yi shekarar da zafi ya wuce misali, albasa ta ruɓe a cikin rudu, rumbunanta na kara, har wari ya hana mu zama a kasuwa. A wannan shekarar guntu ne ya riƙe 'ya'yan taubashina. Ba wanda ya ba wani haƙuri. Wata rana dai aka ga Kawu ya turo akushinsa tsakiyar tabarma ya ce miyar ta yi masa yawa, taubashina ya wanke hannu ya matso. Daga baya har Kawu yakan leƙa fadamar albasar, ya tsaya daga nesa hannu a baya, ya ce ruwan ya yi yawa, ya wuce.

Irin kuwa bai taɓa hana kowa ba, sai dai ba ka samu sai ka sha faɗa. In mutum ya zo roƙo bayan ruwa ya sauka, Kawu zai ce masa, "Ba a hwahe gora ranat tahiya," ya yi ta yi har mutumin ya miƙe zai tafi cikin kunya. Kafin ya kai bakin gari sai ya ji ana kiransa, ga 'yan zangarku a ƙunshe cikin tsumma. Wannan hali nasa shi ne ya ba mu fata. Ni da taubashina muka ce tunda ya ba mutane da yawa, ba za a rasa mai shi ba. Muka kuma yi shawara kada Inna ta ji. Muka roƙi matan gidan su kama bakinsu, suka kama.

Muka hau babur muka shiga ƙauyuka. Ban taɓa yin bazara irin wannan ba. Kullum da la'asar hadari zai taso daga gabas ya yi baƙi, iska ta kaɗa shi ya watse, mu kuma zuciyarmu ta rabu biyu, muna son ruwa muna tsoron ya riga mu. Duk gidan da muka shiga sai an fara da ta'aziyya, a kawo ruwa, a ba mu labarin Kawu, sannan mu kawo abin da ya kawo mu. Wani ya ce yunwar bara ta sa ya cinye nasa. Wani ya ce tsuntsaye sun dame shi, domin geron da ya riga kowa nuna shi tsuntsu ke fara sauka a kai, ya bari. Waɗanda suka riƙe kuwa, in suka ɗauko sai taubashina ya auna zangarniyar da hannunsa ya dube ni. Ta zarce tsawon guntu. Kowa a tsakiyar zango ya shuka nasa, domin kowa ya san in ya lalace akwai inda zai koma ya sha faɗa ya karɓo sabo. Ba wanda ya taɓa tunanin ranar da ba za a samu mai faɗan ba.

Taubashina ya gaji ya ce mu sayi irin malaman gona mai saurin nuna, da babu gara ba daɗi. Muka saya, kuma daidai ne da muka saya, domin ba a barin gona haka nan. Amma ya san abin da na sani. Jigawarsu ba ta da ƙarfi, taki ya yi tsada, kuma ba mu san yadda baƙon irin zai yi ba in ruwa ya yi fashi bayan tsiro, abin da yanzu kusan kowace shekara sai ya faru. A hanyar dawowa ya tsayar da babur a gindin wani gawo, ya sauka ya ba ni baya. Mutumin da ya yi damina guda ba ya cin abinci da ubansa saboda geron nan, shi ne yake kuka a kansa. Ban tsokane shi ba, ko da yake hakkina ne.

Asirin bai daɗe ba. Wani dattijo daga Sarandosa, wanda ciwon ƙafa ya hana shi zuwa da wuri, ya iso ta'aziyya da ɗan ƙunshi a hammata. Shekarar da ruwa ya kwashe masa gona, Kawu ne ya ba shi guntu ya sake shuka a makare, ya samu abin da ya fitar da iyalinsa. Labarin neman da muke yi ya kai masa. Aka yi masa iso ya gaishe da matan gida daga bakin ƙofa, Inna ce ta fito amsawa. Bayan addu'a, cikin kyakkyawar niyya, ya miƙa mata ƙunshin ya ce, "Na ji an dake irin marigayi wurin sadaka. Ga ɗan abin da ag gare ni. Ya gauraya, amma a yi haƙuri da shi."

Ina tsaye a wurin. Inna ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya yadda ya kamata, ta jira har ya fita. Sannan ta juyo.

"Gaskiya ta?"

Na ce, "Inna, ƙaddara ce. Kuma sadaka ce aka yi, ladan yana..."

"Ban tambaye ka wa'azi ba. Waɗanda nis sa anka sussuka, masu kaba, su na?"

Na ce su ne.

"Kuma kunka bar ni ina yawo cikin gida ana yaba min hura?"

Ta zauna a kan turmin da ke kife, ta kwance ƙunshin tana juya zangarkun ɗaya bayan ɗaya. Ta ce tana tuna ranar da Yaya ya ɓoye na farkon a cikin rufin ɗaki, ita tana ƙarama tana kukan yunwa, ta gani, ya roƙe ta kada ta faɗa wa babansu, ba ta kuma faɗa ba. Ta ce, "Ni nir riƙe mai asiri ran nan. Yau ni nid dake shi cikin hantsi guda." Matar Kawu ta leƙo daga ɗakin takaba ta ce mata ba laifinta ba ne, da ita ce a waje ma ido a rufe yake ranar. Tun daga ranar Inna ba ta sake sa fura a bakinta ba.

Na so in mai da ita Jega ta ƙi. Ashe kullum da safe takan zagaya bayan gida, wani kango da ke jikin katangar baya. Ranar sadaka, saboda cikar tsakar gida, can matan suka kai turame suka yi sussuka da shiƙa, wurin da ba a taɓa sussuka ba. Ta riƙa zama a kan tarin ƙaiƙayi da faifai tana sake sheƙewa, ko za ta tsinci abin da ya kuɓuce. Kaji sun riga ta. Abin da ta tara bai rufe tafin hannu ba, rabinsa ma tsakuwa ne. Na ce mata ta bari, ƙaiƙayi yana cin jikinta. Ta ce jikinta ne.

Sai aka yi ruwan farko. Ba mai yawa ba ne, amma ƙasa ta yi ƙamshi, gari ya ɗauki hayaniya, masu sungumi suka fita. Taubashina ya tafi jigawa ya durƙusa ya tona, na ga yana satar kallona kada in yi dariya. Danshin bai wuce wuyan hannunsa ba. Ya ce a jira, ƙannensa suka ce kowa yana shuka, suka yi ta musu a bakin gona, kowa yana cewa da Baba yana nan da ga abin da zai ce. Daga ƙarshe aka shuka dawa a kwari aka bar jigawa.

Bayan 'yan kwanaki ina Aliero, Inna ta sa aka kira ni, wai in zo yanzu. Na iso na tarar da ita a kangon tare da taubashina. A gefen tarin ƙaiƙayi, da inda turame suka zauna, da gindin katanga inda iska ta tara ƙura, ga tsiro nan siriri kore ya huda ƙasa. Gyauro ne, ƙwayoyin da suka fantsama daga bakin turmi, ƙafafun mata suka tattake su cikin ƙasa inda kaza ba ta kai ba. Ba a taɓa sussuka wani gero a wurin ba, don haka ba zango ba ne, ba gauraye ba ne. Ba su da yawa. In an tara su duka ba za su cika kunya biyu na gona ba. Taubashina ya ce in sun yi ƙwari, aka kuma samu ruwa mai nauyi, za a cire su a dasa a jigawa, kuma in Allah ya raya su za a samu abin ratayewa, ko da ba za a ci ko tumu guda ba bana.

To tun daga wannan ruwan ba a sake ɗigawa ba. Waɗanda suka yi saurin shuka, nasu ya fara kwanciya. Hadari yana tasowa yana watsewa kamar da. Ni ina nan tsakanin Aliero da Katanga, na kasa zama a rumfa, na kasa zama a gida, mai saye yana yi mini magana ina kallon sama. Ban sani ba ko tsiron nan zai kai ranar dashe, ko in an dasa zai kama. Ban sani ba ko watan yunwa na bana zai sami gidan Kawu da abin da zai tare shi. Abin da na sani shi ne mutumin nan ya ciyar da mu yana raye da abin da ya zaɓa da hannunsa, ya kuma ciyar da duk wanda ya zo makokinsa da mafi kyawun abin da ya bari. Allah ya karɓa masa wannan sadakar da bai shirya ba, ya yafe masa zafin ransa, ya sanyaya masa makwanci fiye da yadda ya sanyaya cikin mutane a watan da babu.

Jiya na sake komawa. Inna ta sa an kewaye kangon da ƙayar magarya, ta shimfiɗa tabarma a inuwar katanga, ga tulu ga buta a gefenta. Da safe da yamma take bin tsiron tana ɗiga masa ruwa a gindi, a tsugune, da gwiwoyin da ko sallah sai a zaune take yi. Ta rame. Na ce mata jikokinta a Jega suna tambayarta, akwai yara a gidan nan da za su iya wannan aikin, ta zo mu tafi ko na kwana biyu ne.

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ni nid daka shi, ni ka tsaronai. In anka yi ruwa anka dasa shi, sai in tahi."

Na ce, "In kuma ruwan ya daɗe fa, Inna?"

Ta miƙo mini butar ta ce, "To ɗebo min wani. Kuma ka dubi inda kaka aza ƙahwa."